Randar Jauro

Duk shekara sai an turo mini 'yan makaranta daga Jimeta, wai su zo su ga tsohon da ya yi aikin macizai. Su cika mini zaure, tambayarsu kuma ba ta wuce biyu: sau nawa maciji ya sare ni, kuma ina layar take. Akwai wanda ya taɓa ce mini shi ma zai iya, ai abin duk ƙarfin zuciya ne, ka damƙe wuya ka jefa a buhu. Na ce to madalla, ka kama. Gobe me za ka ba shi ya ci? Ina za ka ajiye shi in rana ta take? Kamu shi ne mafi sauƙi a wannan sana'a, ko mahaukaci yana yi. Aikin yana farawa ne bayan ka ɗaure bakin buhu, kuma yawancinsa jira ne.

Ni ba gardi ba ne, ban taɓa rataya mesa a wuya na shiga kasuwa ana kiɗa ba. Gidanmu nan unguwar Adarawo majema ne, kakanninmu daga Kano suka zo. Mahaifina yana jimar fatar mesa da ta guza yana kai wa masu saye a bakin kogi. A shekarar da aka sami 'yancin kai, ina saurayi, ya aike ni bayan garin Jimeta, ta wajen tafkin Geriyo, wurin wani mutum da aka ce mesarsa ta mutu, in karɓo fatar kafin ta lalace. Na sami mutumin a tsugune gaban mesar kamar mai zaman makoki. Ya ce fata zan samu, amma sai na zauna ya gano abin da ya kashe ta. Ya tsaga cikinta a hankali, yana nuna mini hanta, yana nuna mini huhu guda ɗaya dogo, har ya kai ga wani ƙwai da ya maƙale ya ruɓe. Ya daɗe yana kallonsa. Ni da na girma cikin fatun macizai, ban taɓa tunanin akwai wani abu a ƙarƙashin fatar da ya cancanci a duba ba. Na kai wa mahaifina fatarsa, washegari na koma, kuma ban daina komawa ba.

Sunan mutumin Baba Iliya. Kirista ne daga duwatsun kudancin Adamawa. Ya daɗe yana aiki da wani Bature malamin kimiyya mai tara irin waɗannan dabbobi, da Baturen ya koma ƙasarsu sai ya bar masa akwatuna da tarin kalmomi. Baba ya juya kalmomin nan zuwa tasa Hausar, Hausar da komai a cikinta namiji ne, har matarsa marigayiya in ya tuna ta sai ya ce "shi". Makarantu ne manyan masu hulɗa da mu. Su aiko suna son kwaɗi ko ƙadangaru don ɗakin kimiyya, ko mu ɗauki akwati mu je mu nuna wa ɗalibai kububuwa da kasa su san bambancinsu. Wani lokaci a kawo mataccen maciji daga asibiti a tambaye mu wane iri ne ya sari mutum. Bokaye ma sukan zo neman hawainiya, Baba ya ba su kujera da ruwan sha, ya sallame su hannu wofi.

Kayan aikinmu da za ku gan su da kun raina. Sanda ce mai ƙugiya da maƙeri ya lanƙwasa mana daga rodi, ana ɗaga maciji da ita ta tsakiyar jiki, ba a danne masa wuya sai dole. Sai buhun gari da aka wanke, a juya ɗinkinsa waje don kada zare ya naɗe haƙorin dabba. Buhun nan ba a saɓa shi a kafaɗa, domin maciji yana sara ta cikin yadi, ana riƙe shi ne ta saman ƙulli, nesa da cinya. Akwatunanmu na katakon sabulu ne da ragar waya. Akwai tsohon tabarau guda ɗaya da muke karɓa-karɓa saboda kumurci mai tofi a ido. Laya kuwa babu, Baba ya ce layarsa ita ce ya san inda kan maciji yake kafin ya motsa ƙafarsa.

Abin da ya fara koya mini shi ne raba dabbobin gida biyu. Akwai masu jan ciki, su ne macizai da ƙadangaru da damo da guza da kunkuru da kada, masu busasshiyar fata mai ɓawo. Akwai kuma waɗanda yake kira 'yan gida biyu, wato kwaɗi, da ake haifa a ruwa da jela kamar kifi, su girma su fito tudu. Ɗan gida biyu ba ya shan ruwa da baki, da fatarsa yake sha. Saboda haka ba a taɓa shi da busasshen hannu, ko hannun da ya taɓa sabulu ko kananzir. Baba ya gaya mini da yana shaƙar taba sosai, ya bar ta ne ranar da ya ga kwaɗo ya sandare a tafinsa.

Wani aiki da ba na mantawa shi ne na damo biyu da wata makaranta a Numan ta nema. Na gyara akwati, na sa ganye, na miƙa wa yaran mota tare da roƙon su sa shi ƙarƙashin tamfol. Suka ɗaure shi a saman kaya, rana ta bi shi har Numan. Da labari ya dawo cewa damon sun isa a mace, Baba bai yi faɗa ba, zaunar da ni ya yi.

"Mutane suna cewa jininsu sanyi ne," in ji shi. "Ba sanyi ba ne, Haladu. Ba su da wuta nasu ne. Aro suke yi a wurin rana. Ya ishe su, su koma inuwa. Kai da ka rufe shi a akwati, ka ƙwace masa wannan zaɓi. To sai ka mayar masa."

Daga ranar duk akwatin da na ƙera sai na yi masa gefen rana da gefen inuwa, kuma duk dabbar da za ta yi tafiya da ni take tafiya.

Sai saɓa. Wata rana za ka buɗe akwati ka ga idon mesa ya yi fari kamar an ɗiga nono, launinta ya dushe, ta ƙi abinci. Wanda bai sani ba zai ce makancewa ta yi, ko mutuwa za ta yi, ya kama jujjuya ta. Saɓa ce ke zuwa. A lokacin ba ta gani sosai, ga saurin fushi. Sai ka sa mata kwanon ruwa da dutse mai kaushi, ka ja da baya. In saɓar ta fita ɗungurungum, har da murfin ido, dabbar lafiya take kuma mai kiwon ya iya aikinsa. In ta fita gutsi-gutsi, akwatin ya bushe da yawa. Baba yakan rataye saɓar a kan igiya ya duba ta a hasken rana, kamar yadda mahaifina ke duba fata.

Dafi da guba ma kuna haɗa su wuri ɗaya, mu ba ma haɗawa. Baba yakan ce dafi shi ke zuwa wurinka, guba kai kake kai kanka. Maciji dafi gare shi, sai ya huda fata ya zuba. Kwaɗon gida mai ƙuraje kuwa guba ce a bayan idonsa, ba ya bin kowa da ita, sai karen da ya ga dama ya cafke shi ya kama kumfa.

Akwai ranar da aka kira ni wani tsohon gida a Yola Gari, kusa da kasuwa, kumurci ya shiga madafa ya naɗe a bayan tukwane. Mata da yara duk sun taru a tsakar gida suna salati. Na sa tabarau na shiga, ya yi tofinsa ya sauka a gilashi, na ɗago shi na zura a buhu. Uwargidan, wata dattijuwar Bafulatana, ta yi ta sa mini albarka.

"Useko, ɓingel am, na gode ɗana. Allah ya tsare ka. A kawo masa ruwa."

Aka kawo ruwa a gwangwanin madara, aka ajiye a ƙasa nesa da ni. Na sha. Ina fita zaure na ji ƙarar gwangwanin a kan juji. Ban ji haushinta ba, tsoro take ji. Amma haka abin yake ko'ina. A gidanmu ma an ware mini kwano, a masallaci wanda ke gefena sai ya ɗan matsa. Abokan da muka taso tare suka riƙa gaishe ni hannu a aljihu. Ana nemanka in abu ya shiga ɗaki, in ka fitar da shi kuma a ƙosa ka bi shi. Kaɗaicin sana'ar nan ya fi dafinta ciwo, wannan kam na faɗa muku. Mutum ɗaya nake cin tuwo da shi a kwano ɗaya, Baba Iliya. Ranar Lahadi mu zama uku, in 'yarsa Rifkatu ta dawo daga coci ta biyo da miyar da ta dafa. Tana koyon aikin nas a Jimeta, ba ta tsoron komai a gidan, kuma Hamma take kirana, wato yaya. Hausarta ma irin ta babanta ce.

Yanzu bari in zo kan randar can da ke lungu, wadda ɗayanku ya ɗora wa jaka.

Burduddugi kun san shi, babban kwaɗon nan na fadama da wasu ke ci. A daminar da na fara aiki Baba ya ɗebo wani ƙarami daga kududdufin Mbamba, bai fi ɗan yatsa ba. Ya girma har ya cika faranti, maƙogwaro rawaya, baki daga kunne zuwa kunne. Rifkatu ce ta sa masa suna Jauro, wai zamansa irin na mai unguwa ne, ya baje ciki yana jiran a kawo gaisuwa. Yana cin fara da ƙananan kwaɗi da ɓera, ya taɓa cafke mini ɗan yatsa har jini ya fita. Ba na sayarwa ba ne. Duk makarantar da ta nema Baba cewa yake a zo a gan shi a gida.

Gidan Jauro wannan randar ce, cike da ƙasar fadama. Saratu matar Baba ce ta gina ta da hannunta kafin ta rasu, irin ginin matan garinsu, ga zanen tsinke a wuyanta. Baba ya ce ƙasar da ke cikin randa tana numfashi, ta cikin garwa kuwa dahuwa take yi. In damina ta ɗauke sai mu daina zuba ruwa. Jauro ya fara tona da ƙafafun baya, yana nutsewa da baya da baya har ƙasa ta rufe idonsa. Can ciki sai ya yi ta saɓa ba ya yarwa, ɗaya kan ɗaya, har ta zama masa riga mai tauri da ke riƙe ruwan jikinsa, hanci kawai a waje. Wannan shi Baba ke kira barcin rani. Ba ci, ba sha, ba motsi.

Dokar barcin rani biyu ce. Ba a tona, domin in rigar nan ta yage dabbar bushewa za ta yi. Kuma ba a tashe shi da ruwan guga.

"Ruwan sama yana zuwa da abincinsa," in ji Baba. "Shinge mai fiffike ya tashi, fara ya fito, 'yan kwaɗi sun cika ciyawa. Ruwan guga ƙarya ne. Ka tashe shi, ya ƙone ɗan kitsen da ya rage, ya buɗe baki, me za ka sa a ciki?"

Na tambaye shi to yaya za a san yana da rai.

"Ba a sani. Ana jira."

Duk shekara in damina ta kankama, mu biyu mu ciccibi randar mu fitar da ita tsakar gida. Ruwa ya jiƙa ta, Jauro ya fito yana hararar kowa. Haka muka yi shekara da shekaru, aka ce yanzu mu 'yan Jihar Arewa maso Gabas ne, hedikwata tana Maiduguri, aka yi yaƙi aka gama. Jauro bai san an yi ba.

Sai shekarar fari ta zo. Hadari ya haɗu ya watse, a yi yayyafi ƙasa ta shanye kafin ka shiga ɗaki. Binuwai ta ja baya har manyan jiragen ruwan da ke zuwa Jimeta da damina suka kasa isowa. Na hau keke na je Mbamba na tarar kududdufin Jauro ya tsattsage, mutane suna tonon burduddugi da fartanya don miya. Shinge bai tashi ba. Makarantu suka daina aikowa, ɓerayen da muke kiwo don macizai suka ƙare saboda babu dawar ba su. Muka riƙa ɗaukar akwati ɗaya ɗaya muna kaiwa bakin kogi muna buɗewa. Baba kuma ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Ya dubi sama ya dubi randa ya ce, "Bana kada a fitar da shi. Ya yi ta barcinsa." Jauro ya tsallake damina guda a ƙarƙashin ƙasa, abin da bai taɓa yi ba.

Da kaka Baba ya ce zai je garinsu a gwada maganin gida. Na raka shi tasha. Ya riga ya zauna a gaban mota sai ya leƙo.

"Haladu, kada ka tona."

"Ba zan tona ba, Baba."

"Zan dawo kafin ya tashi. Kai kaɗai ba za ka iya ɗaga randan nan ba."

Na koma gidan na zauna ni kaɗai, da akwatuna wofi da randar ƙasa. Ranin nan ya yi mini tsawo. Nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai mai ƙosai. Rifkatu tana can wurin mahaifinta, Lahadi ta zama kamar sauran ranaku. Wani lokaci in manna kunne a jikin randar, alhali na san ba abin da zan ji. Maƙwabta suka fara cewa Haladu ya taɓu, yana gadin ƙasa.

Ana tsakiyar zafin bazara, wata rana da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Rifkatu ta shigo da baƙin ɗankwali. Ba sai ta faɗa ba. Muka zauna a kan benci, ta ba ni labarin yadda ya cika da yadda aka binne shi kusa da Saratu. Ta ce ya ce sanda da tabarau da akwatuna nawa ne. Ta shiga ta tattara 'yan tufafinsa da littafin addu'arsa. Sannan ta tsaya a gaban randar ta shafa zanen wuyanta.

"Hamma, wannan zan tafi da shi. Mota yana jira, direba ya ce zai kai mini."

Na ce, "Jauro yana ciki."

"Na sani. Ka juye shi a wani wuri mana."

Na nuna mata. Ƙasar ta daskare ta zama dunƙule guda, bakin randa kuma ya fi cikinta ƙanƙanta. Ko dai a fasa randa, ko a fasa ƙasa. In aka fasa ƙasa an yaga rigarsa. Ta ce to a zuba ruwa ya fito. Na ce in ya fito yau babu ko fara ɗaya a Jimeta da zan ba shi, kuma ya yi barcin da ya ninka na kullum, ba shi da sauran abin ƙonawa.

Ta ce, "Mamana ya gina abubuwa da yawa, duk sun fashe. Wannan kaɗai ya rage da hannunsa a jiki. Ba ni da baba, ba ni da mama. Randa nake roƙonka, Hamma."

"Taki ce. Ki ba ni zuwa damina."

"In damina bai zo ba, kamar bara?"

"Sai mu jira ta gaba."

Ta dube ni ido cikin ido. "Ka tabbata ma yana da rai?"

Da ƙarya zan yi da na yi a nan. Na ce, "Ban tabbata ba."

"Wato saboda ƙasa, da abin da wataƙila ya mutu tun bara, za ka hana ni."

Na ce Baba ya ce kada in tona. Ta ce Baba ya mutu. Direba ya yi ta danna ham. Ta ɗauki ƙullin kayan ta fita, ba ta ce sai an jima ba. Na tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin gaskiyarta ce, kuma ita kaɗai ta rage mini a cikin masu cin abinci da ni. Amma ko yau aka sake, abin da zan faɗa mata ke nan.

Lahadi ta yi ta zuwa tana wucewa, Rifkatu ba ta leƙo ba. Ni ma ban je ba, don ban san da me zan je ba. Yayyafi ya fara, na ƙi kula shi. Na jira har na ga ciyawa ta tsiro ta tsaya da ƙafarta, na ga shinge ya tashi kaji suna tsalle, na je Mbamba na ga ruwa ya kwanta a kududdufi. Sai wata safiya gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik. Na kama randar na gwada ɗagawa, ko motsi ba ta yi ba. Na fita na roƙi maƙwabcina ya kama mini, ya ce shi bayansa na ciwo. Na roƙi wani mai wucewa, ya leƙa ya ga akwatunan macizai ya ƙara sauri. Ruwa ya fara sauka.

Sai na hau kan ɗakin da wuƙa na yanke igiyar jinka daidai saitin randar, na yaye ciyawar na jefar ƙasa. Na sauko na zauna a cikin ɗakin, ruwa yana zuba ta ramin, rabi a randa rabi a kaina. Ƙasar ta yi ta sha tana ƙara kamar ana soya abu. Ta cika ta tumbatsa, ta koma taɓo. Azahar ta yi, ba komai. Na yi salla a jiƙe na dawo na zauna. A raina na fara shirya yadda zan je in gaya wa Rifkatu cewa gaskiyarta ce, gawa na yi wa gadi.

Wajen la'asar taɓon ya kumbura a tsakiya, ya tsage. Hanci ya fito, sai ido biyu. Ya turo kansa a hankali, ya rame har fata tana reto a jikinsa, yana share tsohuwar rigar da hannuwa yana cusawa a baki. Ban san lokacin da na miƙe na juya wajen ƙofa na ce, "Baba, ya tashi!" ba. Ba kowa a ƙofar sai ruwa. A duk faɗin duniya mutum biyu ne wannan labari zai faranta wa rai ban da ni, ɗaya yana kabari, ɗaya kuma ta yi fushi da ni. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo mini rasuwar.

Na yi kwanaki ina ba shi shinge da fara har jikinsa ya dawo. Wata rana da safe bayan ruwa ya kumbura maƙogwaro ya yi kiransa, irin mai zurfin nan kamar kukan saniya daga nesa. Ya saurara. Ya sake yi. A da in ya yi haka 'yan uwansa na amsawa daga wajen Geriyo, amma farin da masu fartanya sun gama da na kusa. Na ga mu biyu ne a gidan kowa yana kira ba mai amsawa, na ce to ɗaya dai ya huta. Na jiƙa buhu na sa shi, na ɗaure a keke na kai shi Mbamba. Can akwai saura, ana ta kira a cikin ciyawa. Na jiƙa hannu na ajiye shi a bakin ruwa. Ya daɗe a zaune irin zamansa na mai unguwa, sannan ya shiga. Na tsaya ina saurare ko zan gane muryarsa a cikin nasu, ban gane ba.

Na dawo na kwashe taɓon da hannu, na wanke randar ciki da waje, na shanya ta. Ko tsaga babu. Washegari na sa riga mai kyau na tafi gidajen nas-nas a Jimeta. Wata abokiyar aikinta ta fito ta ce ai Rifkatu ta gama, an yi mata taransifa zuwa Maiduguri tun kafin ruwa ya sauka. Na ba direbobin Maiduguri saƙo, wani ya ce ya faɗa, wani ya ce bai same ta ba. Da aka sake raba jihohi na ji an ce ta yi aure ta koma wajen Bauchi, wani kuma ya ce Jos. Na ci gaba da sana'ata har ƙarfina ya ƙare, na dawo Adarawo da randar a kan amalanke. Ban taɓa zuba mata ruwa ko hatsi ba, ba tawa ba ce.

To kun ji sana'ar da kuka ce ƙarfin zuciya ce. Kai mai jaka, ɗauke ta daga kan randar, wuyanta ya tsufa. Ku kuma da za ku gama karatu a watsa ku garuruwa, in aiki ya kai ɗayanku inda ya haɗu da wata tsohuwar nas mai suna Rifkatu, 'yar Iliya mai macizai na Jimeta, ya gaya mata in ji Hamma Haladu, Jauro ya tashi, ta zo ta ɗauki randar mamanta.